Gaisuwar Juma'ar Kawu

Daga Allah muka fito, gare shi kuma duk muka dosa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu isa. A Zariya ya cika, a ɗakin baƙi na gidan babban ɗansa, mu kuwa da muka fi kowa saninsa muna nan Doha, ba mu ga gawa ba, ba mu ɗauki makara ba. Labarin ya same ni a bakin aiki, ina tsaye a ƙofar wani kanti a Madinat Khalifa da kayan gadi a jikina. Kafin in samu wanda zai karɓe ni, har sun dawo daga maƙabarta.

A ɗakinmu na Mu'aither muka yi zaman makoki. Muka tura gadaje jikin bango, muka shimfiɗa darduma, aka bar ƙofa a buɗe duk da zafin da ake yi. Mutane suka riƙa zuwa yadda aiki ya ba su dama, wani da rigar kamfani, wani da makullin mota a hannu, a yi addu'a, a shafa, ya duba agogo ya tashi. Wani direban tanka ɗan Kumasi ya zauna ya kasa tashi, yana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi tsohon nan, ran da na sauka ban san kowa ba, shi ya ba ni katifa." Wani dattijo ɗan Bangladash mai gyaran waya a Asian Town, wanda suka yi wasa tare da Kawu a da, ya shigo ya rungume ni yana kuka da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane. Baffa kuwa, abokin wasan Kawu, ɗan mace da ɗan namiji suke, yana can kusurwa da carbi. Mutumin da ba a raba shi da tsokana, ranar ko tari bai yi ba.

Can sai wani ɗalibi mai karatun digiri na uku, mutumin kirki, ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malam, don Allah, wai da gaske marigayi ya buga wa ƙasar nan wasa? Ni fa na ɗauka zolayarsa ake yi."

Ban ga laifinsa ba, amma tambayar ta tsaya mini a rai, ita ce ma ta sa ni wannan rubutu. E, da gaske ne. Kawu ya sa rigar ƙasar nan, ya buga mata wasan kurket shekara da shekaru. Abu ɗaya kuma ya nema a madadin haka, a bar shi ya ƙarasa rayuwarsa a cikinta. Akwai mutum guda da wannan yake hannunsa, amininsa da muke kira Kyaftin. Duk kwanakin zaman makokin nan ina amsa gaisuwa, amma idona yana kan ƙofa, shi nake jira.

Kawu ya koyi kurket tun yana sakandare a Zariya, wurin wani malamin lissafi ba'indiye, lokacin da makarantunmu suke cike da su. Ga wanda bai san wasan ba: mutum ɗaya ne yake jefa ƙwallo mai tauri, wani yana tsaye da faffaɗan katako yana kare sanduna uku da aka kafa a bayansa, a bayan sandunan kuma wani yana tsugunne da safar hannu yana jiran ƙwallon da ta kuɓuce. Kawu mai jifa ne, amma ba da ƙarfi yake yi ba. Murɗa ƙwallon yake yi da yatsu, sai ta taho a hankali kamar ba ta da niyyar komai, tana taɓa ƙasa ta sauya hanya. Har ya bar duniya yatsansa manuni a karkace yake saboda wannan. In ana cin abinci kuwa, kada ka bar lemun tsami kusa da shi. Zai ɗauka ya yi ta juya shi a hannu yana hira, kafin ka ankara ya sako maka shi, ya bi ta gefen kwano ya faɗa cinyarka.

Da tuƙi ya zo ƙasar nan, motar ɗaukar ma'aikatan wani kamfani. Yakan ba da labarin wata Juma'a da safe da ya hango Indiyawa da 'yan Pakistan suna wasa a wani fili da ba a gina ba. Ya tsayar da mota, ya sauko da silifas, ya miƙa hannu a ba shi ƙwallo. Suka yi ta dariya, don ba su taɓa ganin baƙar fata ya nemi haka ba. Jifan farko mai katako ya kai bugu ya sami iska, ƙwallon ta karkace ta daki ƙirjin wanda yake tsugunne a baya. Wannan mai tsuguno shi ne Kyaftin, a lokacin matashi ne ɗan Pakistan mai aikin ofis. Ya tashi yana shafa ƙirji ya ce, "Sake." Kawu yakan ce daga wannan "sake" ɗin ba su ƙara rabuwa ba.

A dokar wasan ba sai kana da fasfon ƙasa kake buga mata ba. In ka zauna a cikinta wasu shekaru, ka cancanta. Haka aka kira Kawu ƙungiyar ƙasa, aka ba shi riga ja mai duhu da sunan ƙasar a ƙirji. Ya haddace taken ƙasar tsaf, har a banɗaki rera shi yake yi, Baffa yana buga masa ƙofa yana cewa, "To ɗan ƙasa, a fito haka nan, baƙi ma suna son wanka." In za su tafi wasa waje, kowa da irin fasfonsa, kuma na Kawu ne kullum ake juyawa ana sake juyawa a filin jirgi. Sauran su wuce, Kyaftin ya tsaya da jakarsa a hannu har sai an sallame shi. Na faɗi wannan ne don kada a ce na rage wa mutumin komai. Amincinsu na gaskiya ne, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo.

Lokacin da Kawu ya kawo ni Doha ya riga ya ajiye wasa, ya koma tuƙinsa kaɗai. Amma bai ajiye ƙasar ba. In ya ce "gida", nan yake nufi. Zariya kuwa "can" ce. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun girma a bayan idonsa, in ya je hutu suna durƙusa masa suna kawo masa ruwa a kofin baƙi. Ya taɓa ce mini, "In na je can, kwana uku nake daɗi. Daga nan sai in ga kowa yana jira ya ji yaushe zan koma."

A kan wannan ne suka yi faɗan da ya fi kowane tsanani da Baffa. Muna wani shagon abinci a Asian Town, an kawo shinkafa da kaza, ana nuna kurket a talabijin. Kawu ya ce, "Yaranmu sun lalace, ba a koya musu haƙuri da ƙwallo." Baffa ya ajiye cokali.

"Yaranku? Kai da wa?"

"Yaran ƙasar nan mana."

"Kai dai ba ka da magani. Ka yi musu tsalle-tsalle a rana har yatsanka ya karkace, me suka ba ka? Ni da kai duk ɗaya muke a nan. Ran da kafil, mai riƙe da takardar zamanka, ya ce an gama, to an gama ke nan."

Na sha jin suna zagin juna da wasa, amma ranar fuskar Kawu ta sauya. Ya tsame hannunsa daga abinci, ya ce a hankali, "Kai aiki ka zo yi. Ni an kira sunana a lasifika, an ɗaga tuta ina tsaye." Ya wanke hannu ya fita. Ba su sake haɗa kwano ba sai da Sallah ta zo, shi ma don liman ya sa baki. A ranar ni bayan Kawu na bi, na ga Baffa ya cika baƙar magana.

Akwai abin da ya kamata a sani game da halin Kawu, in ba haka ba sauran labarin zai zama kamar wauta. Shi a wurinsa, ka bari mutumin kirki ya buɗe baki ya roƙe ka, ka riga ka wulaƙanta shi. Wata shekara matar Kyaftin ta kwanta asibiti ta daɗe, ga yara ƙanana, ga aiki. Ba wanda ya kira Kawu. Sai kawai aka wayi gari motarsa tana ƙofar gidan, ya kwashi yaran ya kai makaranta kafin ya ɗauki ma'aikatansa, da rana ya bar cin abinci ya je ya ɗauko su. Haka ya yi har ta warke, aka kuma yi ta yi masa faɗa a kamfani saboda latti. Da na tambaye shi ko Kyaftin ne ya nemi ya taimaka, sai ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Ya nema? Ina gani da idona? Ai da na jira ya nema, da na ci mutuncinsa."

Haka yake da kowa. In ka zo gaishe shi sau biyu a jere, na ukun ba za ka gama zama ba zai ce, "To, me ake ciki?" Kuskurensa ɗaya, ya ɗauka duk duniya haka take.

Bara kamfani ya sanar da shi cewa shekarunsa sun kai, in iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba za su sabunta ba. A ƙasar nan kuwa, in ba ka da mai riƙe da kai, ba ka da zama. Mu duka hankalinmu ya tashi, ban da shi. Ya ce mu kwantar da hankali, akwai Kyaftin. A lokacin Kyaftin ya zama babban mutum, yana da makarantar koyar da yara kurket tasa ta kansa, da masu horarwa da ya ɗauko daga ƙasashe, duk a ƙarƙashinsa suke zaune. Ya ƙara Kawu a cikinsu ba wani abu ba ne a wurinsa. Kuma ran da Kawu ya buga wasansa na ƙarshe, a gaban kowa Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan ba inda za shi. Shi zai koya wa 'ya'yanmu." Kawu ya ɗauki wannan magana ya adana, bai taɓa tunanin maganar filin wasa ce ba.

Sai ya fara zuwa gaisuwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai sa babbar rigarsa da ya goge tun safe, ya kafa hula, ya fesa turare, mu tafi filin da ake horar da yaran. Kyaftin yana hango shi zai buɗe hannu, "Ustaz! Ustaz!" Ya rungume shi, ya sa a kawo kujerar roba da shayin karak. Sai Kawu ya fara: ya iyali, ya yara, ya uwargida da jiki, ya aiki, ya zafi. Kyaftin ya amsa rabi, ya ruga wurin wani uba da ya kawo ɗansa, ya dawo, waya ta yi ƙara, ya sake tafiya. Kawu yana zaune da kofi a hannu yana kallon yara suna jifa, yatsansa yana motsi shi kaɗai. In la'asar ta yi sai ya miƙe ya ce, "To, dama gaisuwa na zo." Kyaftin ya ce, "Ka kyauta, Ustaz, kada ka daina zuwa."

A mota Kawu zai gyara zama ya ce, "Ka ji ko? Kada in daina zuwa. Yana shirya abin ne."

Da aka yi haka aka sake yi, sai haƙurina ya ƙare. Na tsayar da mota a gefen titi na ce, "Kawu, don girman Allah, ka faɗa masa. Kalma biyu ce. In nauyi kake ji, ni zan faɗa."

"Kul," ya ce. "Ka kuskura, ban yafe ba."

"To in bai sani ba fa?"

"Bai san me ba? Shekaruna? Shi yake riƙe mana fasfo in za mu tafi wasa. Mutum da furfurarsa ya sa babbar riga ya zo ya zauna maka a rana duk mako, sai an yi maka fassara? Yalla, ja mota."

Daga baya ya yarda a bi hanya ta biyu da aka saba a gida, a tura wani babba. Wa za a tura? Baffa. Duk da abin da ya faɗa a shagon abinci, Baffa bai yi musu ba, ya ari hular Kawu ma don tasa ta koɗe. Ni na kai shi, ina tsaye ina ji. Bayan doguwar gaisuwa da Turancinsa na bakin ƙofa haɗe da Larabcin kasuwa, sai ya ce, "Ɗan'uwanka fa ya tsufa. Kamfani kuma ba ya son tsoho." Kyaftin ya yi dariya, ya shafa tumbinsa, ya ce duk mun tsufa, kamfanoni kuma ba su da godiya. Ya sa aka ƙaro shayi. Muna komawa Baffa ya cire hula ya ce wa Kawu, "Na fasa masa ƙwai, ban ɓoye komai ba." A wurinsu su biyun, an gama magana.

Na san abin da mutane suke cewa, don a zaman makokin ma an faɗa. Wai bambancin al'ada ne. Wai su mutanen can sai ka fito musu ƙarara, ba su san zuwa gaisuwa roƙo ba ne. Na saurara, na kuma yi ƙoƙarin in yarda, don zai fi mini sauƙi. Amma ban yarda ba, ga kuma dalilina. Aikin mai tsuguno a bayan sanduna shi ne ya san inda ƙwallo za ta karkata tun kafin ta bar hannun mai jifa, in ba haka ba ta fasa masa baki. Ba a magana, don abokin hamayya yana tsaye a tsakani yana ji. Shekara da shekaru wannan mutum yana karanta Kawu daga nesa, daga yadda ya riƙe kafaɗa, daga yadda ya lanƙwasa wuyan hannu. Kawu yakan yi alfahari da shi, ya ce, "Kafin in san abin da zan jefa, shi ya sani." Mutumin da ya iya wannan, a ce dattijo ya zauna kusa da gwiwarsa duk Juma'a bai ga komai ba? Ni abin da na gani shi ne, ya daina dubawa. Kawu ya zama masa kamar tsohon hoto a bango, ana son sa, ana nuna wa baƙi, ba a tambayarsa ko ya ci abinci. Wannan cin amana ne, ko da shi mai yin bai ba shi wannan suna ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Aka yi wa Kawu kansal, wato aka soke iƙamarsa, dab da azumi. Juma'ar ƙarshe ya ce mu je ya yi sallama, don ba a barin gari ba a sallami manya ba. A raina na ce yau dai dole magana ta fito. Muka tarar ana wata gasa ta yara, iyaye sun cika wurin, Kyaftin yana ta kai da kawo da waya a kunne. Ya ɗago wa Kawu hannu daga nesa, ya yi wa wani alama a kawo kujera. Muka zauna har inuwa ta juya. Da Kawu ya miƙe, sai ga shi ya iso da sauri, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ustaz, yi haƙuri, yau ka ga yadda ake. Juma'a mai zuwa, in sha Allahu, mu zauna sosai."

Na buɗe baki. Kawu ya taka mini ƙafa, da ƙarfi kuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kai mu."

Da rana tsaka muka kai shi filin jirgi. Baffa ne ya ɗauki jakar, ya hana kowa taɓawa. Duk hanya ina jira ya ce ai na faɗa maka, don da ni ne da na faɗa. Bai ce ba. Sai da aka zo rabuwa ya ce, "Kai ɗan ƙasa, in ka isa ka gaishe mini da baƙi." Kawu ya yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce kada in je wurin Kyaftin, kada in kira shi. "Zai ga kujera ba kowa. Zai tambaya. In ya tambaya, sai ka faɗa masa."

Daga nan kullum Asabar sai ya kira ni. Ya tambayi aiki, ya tambayi Baffa, ya tambayi ko an gyara na'urar sanyaya ɗaki, ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce, "Ba wanda ya neme ni?" In ce babu, Kawu. Ya ce, "To, hidima ce ta yi masa yawa." Azumi ya wuce, ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta zo ta wuce. Daga baya ya daina tambaya, wannan kuma ya fi tayar mini da hankali. Babban ɗansa ya gaya mini ba su rage shi da komai ba, na kuma yarda, yaron kirki ne. Ya ce dai tsohon ba ya hira da kowa, don ba wanda ya san abin da yake magana a kai. In an sauko Juma'a ba ya cire babbar riga, sai ya sa kujera a ƙofar gida ya zauna har la'asar. 'Yan unguwa suna wucewa suna cewa, "Alhajin Ƙatar, yaushe za a koma?" Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mako ba.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, ɗakin ya cika har waje. Sai na ji ana matsawa a bakin ƙofa, ana cewa a ba shi hanya. Kyaftin ne. Mai gyaran wayar nan ne ya kai masa labari da safe. Ya cire takalmi ya shigo, idanunsa sun yi ja, ya zube a gaban Baffa ya kama hannunsa yana kuka. Ba kukan ganin ido ba ne, na san bambanci. Na so in ga alamar kunya a fuskarsa, ban gani ba, baƙin ciki ne zalla.

Da ya natsu ya yi magana mai daɗi. Ya ce bai taɓa ganin mai jifa irin Kawu ba. Ya ce ɗan'uwansa ne na jini, ko da ba uwa ɗaya ba. Ya ce zai sa kofi da sunansa, duk shekara yara su riƙa fafatawa a kai, in ba shi hoto mai kyau. Mutane suna ta cewa madalla, Allah ya saka. Ɗalibin nan yana fassara wa waɗanda ba su jin Turanci. Ni dai ina zaune ina kallonsa.

Sai ya share fuska, ya duba agogo, ya juyo wurina. "Ɗana, tashi ka raka ni. Wace maƙabarta aka kai shi? Ina so in tsaya a kansa kafin magariba."

Na tuna Kawu ya ce in ya tambaya in faɗa masa, to ga shi ya tambaya.

"Da nisa," na ce. "Sai ka nemi biza."

Bai gane ba. Ya dubi Baffa, ya dubi mai gyaran waya. Na ce masa a Zariya Kawu yake kwance. Na ce kamfani ya sallame shi, iƙamarsa ta ƙare, ya bar ƙasar nan tun kafin azumi, kuma ranar gasar yara da ya ce masa sai Juma'a mai zuwa, sallama ya je yi. Ban ɗaga murya ba, Kawu ba zai so ba.

Kyaftin ya girgiza kai, ya sake girgizawa, kamar wanda ake yi wa ƙarya. "A'a," ya ce. "A'a, ba zai yiwu ba. Ai duk Juma'a yana zuwa wurina."

Na ga bakinsa yana motsi, yana lissafin Juma'o'in a zuci, yana neman ta ƙarshe da ya ga kujerar da mutum a kai, bai same ta kusa ba. Baffa ya zare hannunsa daga nasa a hankali, ya ɗaga tafukansa sama. Ya roƙi Allah ya gafarta wa ɗan'uwansa, ya yalwata masa makwanci, ya saukar da shi a gidan da ba a cewa kowa shekarunsa sun kai. Muka ce amin, muka shafa. Kyaftin yana durƙushe a tsakiyar ɗaki hannunsa a ƙasa, mutane suka fara tashi suna kewaye shi, kowa yana neman takalminsa, don masu aikin yamma motarsu ta iso.